Ɗago Kanki, Uwata

Na tsufa ina koyar da Faransanci a sakandare, amma Faransancina na allo ne. Ɗalibaina sun iya rubutu, sun ci jarrabawa, sai dai in ka tare su a hanya ka yi musu gaisuwa, baki ya mutu. Don haka da 'yata ta fari, wadda take aikin nas, ta samu damar aiki a wani asibiti a Kanada, aka ce sai ta ci intabiyu ta bidiyo da Faransanci, ban yi girman kai ba. Na ce ta nemi inda za ta ji harshen daga bakin masu shi.

Ta samo wani shafin intanet da ke haɗa mai koyo da 'yan asalin harshe. Aka haɗa ta da wata tsohuwa mai furfura, Baturiya, wadda ta yi ritaya daga koyarwa kamar ni. Duk yamma in ta dawo aiki, sai ta jingina waya da gwangwanin madara a barandar gidanmu da ke unguwar Narayi, ni kuma ina gefe kamar ina gyaran rediyo, alhali kunnena na wurinsu.

Bakinta ya buɗe da sauri, har na fara jin kishi. Ranar da suka yi gwajin intabiyun kuwa, tsohuwar ta dakatar da ita, fuska ba walwala. Ta ce ta lura 'yata tana karanta amsoshi daga takarda, domin duk lokacin da take magana idonta na ƙasa. In ta yi haka a intabiyu, za a ce ta yi maguɗi.

Babu wata takarda. Tabarma ce kawai a gabanta. Raina ya ɓaci, na kusa karɓe wayar, sai na tuna wanda ya koya mata hakan. Ni ne. Tun tana ƙarama, in ta tsura wa babba ido, harara ɗaya nake yi ta sunkuyar da kai. A coci ma ana yaba mini tarbiyyarta. Furfurar matar ce 'yata ta gani, ta ba ta girman da ake ba uwa.

Ta yi ta ƙoƙari da tsohuwar, amma da zarar an yi mata tambaya, kai ya koma ƙasa. Intabiyu na matsowa. Sai na ajiye rediyon, na jawo kujera gabanta.

"Uwata, ɗago kanki. Da ni za ki gwada."

"Haba Baba, ba zan iya ba."

"In kin iya da ni, kin iya da kowa. Kalle ni."

Ta ɗago, ta yi dariyar kunya, ta sauke. Muka sake. Ina yi mata tambaya da Faransancina na allo, tana gyara mini lafazi, ina gyara mata ido. Mahaifiyarta in ta zo wucewa sai ta kawar da kai, abin bai yi mata daɗi ba. Ni ma bai yi mini ba. Ji nake kamar ina warware ɗinkin da na yi da hannuna.

Ta ci intabiyun.

Ranar tafiya muka raka ta Gonin Gora, inda za ta hau motar Abuja. Masu burodi da ayaba sun kewaye motar, direba na ta hon. Ta durƙusa a gefen titi kamar yadda ta saba, na ɗora hannu a kanta na sa mata albarka. Sai ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, ba ko ƙiftawa.

"Baba, sai na kira. Ka riƙa shan maganinka."

A nan na ga idanun mahaifiyata ne sak a fuskarta, abin da ban taɓa lura da shi ba tun da ta girma, don ban taɓa barin ta nuna mini su ba. Hawaye suka cika mini ido. Ni ne na sunkuyar da kai, kuma ban ɗago ba har motar ta tashi.