Kason Wanda Ya Tafi Makka a Ƙafa

Jiya da la'asar ina tsintar shinkafa sai na ji sallama da wata Hausa mai gauraye da Larabci. Mace ce da 'ya'yanta, yaƙin Sudan ya koro su. Ta ce sunanta Nafisa, kakanta Malam Idi ɗan nan Dingaya ne, ya tafi Makka a ƙafa, tafiyar ta tsaya masa a Sudan.

Na ba su ruwa. Ba wanda ya san fuskarta. In surukina Baba Sule ya ce bai san zancen ba, ina za su kwana?

Ya fito yana dogara sanda, ya saurare ta.

Ta ce, "Baba, ba gado na zo nema ba. Wurin fakewa kawai."

Ya ce, "Idi ƙanen babanmu? Me ya gaya muku game da gonarsa?"

"Ya ce akwai tsamiya a tsakiyarta, a nan yake ɗora amyar zuma."

"Tsamiyar ta faɗi, gonar tana nan. Babanmu ya ce ba a raba kason matafiyi sai an ji labarinsa, aro muke nomawa. Kin ma makara, 'yar nan, mun gaji da yi wa kakanki noma!"

Ta yi dariya, hawaye na zuba. A ɗakina suka kwana.

Allah Ya kashe wutar nan ta Sudan. Ku fa, akwai matafiyin da har yau ake ajiye wa kasonsa a gidanku?