Hotona a Cikin Ledar Burodin Ba-Zama

Sati uku da rasuwar maigidana, lokacin da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, gidan ya koma daga ni sai agogon bango, maƙwabciyata ta shigo da burodi mai zafi a naɗe cikin farin ƙyalle. Ba ta ce in yi haƙuri ba, don na ji wannan har kunnena ya gaji. Ta yanka shi a kan murfin kwano, ta haɗa mini shayi, ta tsaya a kaina har na ci yanka biyu. Sannan ta ce, "Yaya, gobe ma ina tafe, kada ki sa sakata." Kwana huɗu ke nan rabona da abin kirki a cikina. Duk abin da zan faɗa a kanta, ina so a san ban manta da wannan ba.

Ba-Zama muke ce mata, don ba wanda ya taɓa ganin ta a kan kujera. A tsaye take cin abinci, a tsaye take shayar da yaro. Mijinta yakan ce ranar da ya ga ta zauna, ba tambaya, likita zai kira. Shi kafinta ne, injin yankan katako ya tafi masa da yatsu uku, aiki ya ja baya, ga 'ya'ya huɗu. Sai ta samo tsohuwar ganga, aka raba mata biyu, ta zuba yashi a ƙasa, gawayi sama da ƙasa, ta fara gasa burodi a tsakar gida.

Burodinta na da kyau, wannan ko a gaban Allah zan faɗa. Amma kyan abu daban, a san da shi daban, kuma ta fi kowa gane haka. Ba ta buɗe ganga sai daidai lokacin da ma'aikata ke wucewa da safe, ta wangale ƙofar gida, ƙamshi ya fita ya tare hanya. Takan yanka guda ɗaya ƙanana-ƙanana, ta soke kowane yanka da tsinke, ta bi shagunan teloli da garejin makanikai tana cewa, "Ɗanɗana, ban ce ka saya ba. In ba daɗi ka tofar a gabana." Ta san malamar makarantar da ba ta son sukari, ta san mai gadin da haƙoransa suka zube, sai mai laushi. Da farko da alƙalami take rubuta lambar wayarta a jikin leda, yana gogewa, sai ta sa aka sassaƙa mata hatimi. Da na samu ƙarfin jiki, ni nake buga hatimin a 'yan takardu, in saka a leda, in ɗaure. Hannuna ya samu abin yi, zuciyata ta samu inda za ta jingina.

Duk da wannan fafutuka, ciniki ya ƙi. Motar wani babban gidan burodi tana zagaye unguwa da hon, nasu ya fi girma, ya fi araha. Na sha ganin ta dawo da roba a cike, ta ajiye, ta tsaya tana kallon bango. Yara su ci burodi da safe, su ci da rana, har ƙaramar ta fara kuka in ta ga leda.

Wata Laraba ina bakin ƙofa da carbina, sanye da tsohon hijabin da nake shara da shi, mai faci a kafaɗa, sai Ba-Zama ta ɗaga waya. "Yaya, tsaya haka, hasken nan ya karɓe ki." Na yi dariya na ce tsohuwa me za a gani a jikinta. Ta ce, "Albarka."

Bayan kamar sati biyu ta fara cewa in raka ta. "Zaman ɗaki zai sa miki ciwon ƙafa. Zo ki sha iska." Takan zaunar da ni a benci a ƙofar wani ƙaramin asibiti, robar burodi a gefena, ita ta shige ciki da wasu ledojin da ta ɗaure da kanta a gida. Ciniki kuwa ya buɗe kamar an fasa dam. Ganga ɗaya ta zama biyu. Na yi ta yi mata hamdala, na ce Allah ya dubi wahalarta.

Amma ni mai yawan shiru ce, mai shiru kuwa ido yake da shi. Na lura ma'aikatan jinya ba sa gaishe ni kamar yadda ake gaida mai talla. Sukan rage murya, su ɗan sunkuya. Wata ta ce, "Allah ya jiƙan maigida, Iya." Na amsa, amma na yi ta tunanin inda ta san shi. Wani mai share-share ya sayi uku, na san albashinsa bai kai na burodi uku ba. Ranan kuma wata babbar ma'aikaciya mai tabarau ta ajiye ƙunshin tsofaffin kayan yara a kan cinyata, ta ce, "A gwada wa ƙananan." Kafin in buɗe baki Ba-Zama ta fito, ta ɗauke ƙunshin, ta yi ta zuba godiya, ta ja hannuna muka tafi. A hanya na tambaye ta, ta ce, "Ai na yarana ne, ta ɗauka jikokinki ne." Na yarda, don na so in yarda.

Ni 'ya'yana biyu ne. Macen tana gidan mijinta da nata 'ya'yan. Namijin direban babbar mota ne, yakan yi sati uku a hanya, amma bai taɓa dawowa bai sauke mini shinkafa da mai da sabulu ba. Tun uban na raye haka yake. Ban taɓa miƙa hannu ga kowa ba, kuma wannan rufin asirin shi ne abin da maigidana ya bar mini, don bai bar gona ba, bai bar shago ba.

Ranar da ɗana ya dawo daga wata tafiya, ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya ƙi zama a tabarmar da na shimfiɗa masa. Ya ciro takarda daga aljihu ya ajiye a gabana.

"Inna, me na rage ki da shi?"

"Wace irin magana ce wannan?"

"Na kai mota gareji. Ana cin burodi, aka miƙo mini. Ina buɗe leda na ga uwata. Wani ya ce, 'Kai, ashe tsohuwarka ce? Da ka faɗa ai da mun ƙara saye.' Suka yi dariya, Inna. Mai garejin bai yi dariya ba, ya dai kalle ni. Gara dariyar."

Na ɗauki takardar. Ga ni nan, da carbi, da facin kafaɗa, an ƙara wa hoton duhu har idona ya faɗa. Karatuna ba mai nisa ba ne, harafi-harafi nake bi da yatsa, shi ya sa kowace kalma ta samu lokacin shiga jikina. An rubuta: "Ku sayi burodin marayu. Duk guda ɗaya da kuka saya, kun ciyar da wannan baiwar Allah da marayunta biyar." A ƙasa ga lambar wayar da nake bugawa da hatimi da hannuna.

Na ce masa ya zauna. Na rantse masa ban sani ba. Ya yarda, amma ya tashi zai fita, na ga inda ya nufa, na riƙe bakin rigarsa. Na ce maganar mata ce, ya bar mini.

Na same ta tana kwaɓa fulawa, hannu duk fari har gwiwa. Na ajiye takardar a kan tebur. Ta kalle ta, ba ta daina kwaɓi ba.

"Ƙanwata, marayuna biyar ɗin nan, a wane ɗaki suke kwana? In je in gan su."

"Haba Yaya. Mai buga takarda ne ya ce biyu ba za su taɓa zuciya ba."

"Biyun ma, ɗaya da gemu, ɗaya da goyo."

"To wanda ya rasa uba ai maraya ne, ko da furfura." Ta yi 'yar dariya, ta ga ban taya ta ba, ta haɗiye. "Yaya, wace ƙarya na yi mai yawa? Mijinki bai rasu ba? Ba na kawo miki burodi kullum?"

"Na ɗauka don Allah kike kawowa."

"Don Allah ne! Wallahi na farkon don Allah ne." Ta ji abin da bakinta ya faɗa, ta danna kwaɓin da ƙarfi. Can ta ce, "Na yi ɗanɗano kyauta, na yi hatimi, na bi rana har tafin ƙafata ya tsage. Ba wanda ya waiwayo. Mutanen nan ba yunwa ke sa su saye ba, so suke su ji sun yi lada. Ni na ba su inda za su yi. Yarana huɗu ne, Yaya, kuma su da gaske suke jin yunwa."

"Me ya hana ki sa hotonki?"

"Ni da miji a raye? Wa zai tausaya wa mai miji?"

Na ce, "Da kin tambaye ni."

"Da kin ƙi."

"Da na ƙi."

Ba mu ɗaga murya ba. Ni ban iya ba, ita kuma ta san ba ta da gaskiya. Na sa ta kawo sauran takardun, dami guda, ta zuba su cikin gawayin ganga a gabana. Amma waɗanda suka riga suka fita sun fita. Suna aljihun teloli, suna teburin malamai, wata na gani an liƙa a bangon shagon mai shayi, ruwa ya jiƙa rabin fuskata.

Daga ranar ban ƙara taka gidanta ba. Muna gaisawa ta kan katanga, don haƙƙin maƙwabtaka bai faɗi ba. Ciniki bai mutu mata ba, mutane sun riga sun saba da burodin, kuma har yau wasu burodin marayu suke ce masa. Ɗana ya canza gareji. Ni kuwa in na bi ta ƙofar asibitin nan, mai tabarau takan tare ni ta tambayi lafiyar ƙananan. Kalma ɗaya ta isa ta wanke ni da ɗana. Kalmar takan zo har bakina, in ce, "Kowa lafiya," in wuce. Ban sani ba ko lada nake samu ko zalunci nake yi wa yaron da bai rage ni da komai ba. Na sha kai wannan tambaya kan sallaya, ban tashi da amsa ba.

Abin da ke riƙe mini harshe shi ne abin da ya faru ranar ƙona takardun. Na juya zan fita, ta sha gabana, ta durƙusa a kan simintin tsakar gidan, ta kama ƙafata da hannuwanta masu fulawa.

"Yaya, ki zage ni, ki daina gaishe ni, duk na ɗauka. Amma don girman Allah kada ki faɗa wa mutanen asibitin nan. In suka sani, ko kyauta na ba su ba za su karɓa ba. Ki bar ni in ciyar da yaran nan."