Sa Hannun da Ban Yi Ba

A zamaninmu, in ka yi aji ɗaya da mutum, ka san shi ke nan. Ka san munsharinsa, ka san warin safarsa, ka san ranar da ya yi kuka a gaban 'yan mata don an zane shi. Yanzu kuwa sani sai da fom, da hoto biyu, da mai tsaya maka.

Shekarar da masu bindiga suka ci garuruwan arewacin jihar nan, Jimeta ta cika ta batse. Masu unguwanni suka ce kada a ba baƙo haya sai wani sananne ya sa hannu cewa ya san shi. Cikin waɗanda suka gudo har da wani abokina, malamin firamare, wanda shekara biyar gadonsa na saman nawa a makarantar kwana. Ya iso da matarsa da 'ya'ya huɗu da kayan jikinsu. Ya sami ɗaki biyu a unguwar Vinikilang, mai gidan ya ba shi kwana uku ya kawo sa hannu. In ya kasa, sai sansanin gudun hijira.

Ya fara da ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai, wadda ba ta taɓa yin taro ba a ambaci zumunci sau ashirin ba. Shugabanmu, darakta mai ritaya, ya ce, "Shekara arba'in fa, mutum yana canzawa." Shi da har yau barkwancinsa na aji uku yake maimaita mana. Aka kafa kwamiti. Kwamiti ya ba shi buhun shinkafa, aka ɗauki hoto, kowa ya ɗora hannu a kan buhun. Takarda ce dai ba wanda ya taɓa.

Rana ta uku da la'asar abokin nawa ya zo gidana a Shagari Low Cost, shi da matarsa. Ni kuma mutum ne da ya ga duniya. A Garwa wani makanike ya taɓa ba ni ɗaki mako guda don kawai na gaishe shi da Fulatanci. A Khartum wani mai shayi ya tsaya mini a gaban 'yan sanda bai san sunan mahaifina ba. Ba taron sunan da zan je ban ba da waɗannan labarai ba, ina kukan yadda mutanenmu suka lalace. Na iya faɗin "na san shi" da harshe huɗu. Da na karɓi fom ɗin, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Bari in yi nazari."

"Nazarin me?" in ji shi, yana dariya. "Sunana ka manta? Ko in tuna maka wanda kake leƙen takardarsa ranar lissafi?"

"Ba haka ba ne. Ka san halin da ƙasa ke ciki."

"Na sani. Daga cikinsa na fito, da ƙafa."

Ana haka matata ta dawo daga asibiti, farin kayan aikinta na jikinta. Sau ɗaya ta taɓa ganin mutumin, ranar aurenmu. Ta tarar da matarsa a kan tabarma, ƙafafu a kumbure, tafin ya tsattsage. Ta kawo ruwan ɗumi da gishiri, suka yi 'yar magana ƙasa-ƙasa, sannan ta juyo.

"Alhaji, biron ne ya ƙafe?"

"Sharuɗɗa nake karantawa."

"To karanta a hankali, kada ka tsallake waƙafi."

Ta zare takardar daga hannuna, ta ɗora a cinya, ta sa hannu, ta rubuta wurin aikinta.

Na ce, "Kin san shi ne?"

Ta ce, "Na ga ƙafafun matarsa."

Kafin magariba sun karɓi makulli. Suka zauna a Vinikilang har garinsu ya lafa, suka koma. Ni kuwa bara aka zaɓe ni shugaban kwamitin jin daɗin 'yan ƙungiya, ba hamayya, saboda gogewata.

Abokina bai yi fushi ba. Duk sanda ya shigo Jimeta yakan biyo, ya kawo wa matata zuma da gyaɗa, ya gaishe ni da kyau, ya tambayi ciwon gwiwata. Amma tun daga ranar bai sake neman komai a wurina ba, ko da lambar wayar wani ce.