An Buɗe Mata Ido a Birni

Da fatar ido mai nauyi aka haife ni. Gadon gidanmu ne, haka mahaifina yake, haka goggonnina. Fatar sama takan sauko ta rufe kusan rabin ƙwayar idon, sai mutum ya zama kullum kamar mai kallon ƙasa. Ina yarinya ana tsokanata da mai gyangyaɗi. Da na girma kuwa sai abin ya zame mini jari, duk wanda ya gan ni sai ya ce kai, yarinyar nan akwai kunya. Ni dai na san kaina. Zuciyata a kusa take, kuma na iya harara. Sai dai hararar ba ta fita waje, a ƙarƙashin fatar take tsayawa.

Wadda ta fi kowa yarda da kunyar nan tawa ita ce uwar mijina, Inna muke ce mata. Bafillatana ce daga Gafasa, doguwa, ba ta magana biyu. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu a Gaya, muka zauna tare sama da shekara ashirin. Ba zan ce zaman duk zuma ba ne. Inna takan bi inda na share ta sake sharewa. Takan ɗanɗana miyata ta ture kwanon a hankali ba tare da ta ce uffan ba, wanda ni gara ta zage ni. Ni kuma ina durƙushe ina cewa to Inna, ina zabga mata harara ta ƙasan ido son raina.

Wata babbar salla 'ya'yanta duk sun taru ana suyar nama, sai ta nuna ni da baki ta ce, "Ranar da na cika, wannan ce za ta wanke ni. Wankan gawa sai mai kunya."

'Yarta ta cikinta, ƙanwar mijina da ke aure a Gafasa, tana zaune a wurin tana yanka hanta, na ga lokacin da wuƙar ta tsaya a hannunta. Ni kuwa ban taɓa samun wata daraja da ta kai wannan ba. Uwata ta rasu ina ƙarama, ko fuskarta ban riƙe ba. A ce tsohuwa ta tsallake 'yarta ta ɗora mini wannan amana a gaban kowa, wallahi ranar na ji na zama mutum. Kuma na san a ina na samo ta, ko dai haka nake zato: a wajen fatar idona.

Da na haura hamsin sai fatar ta ƙara saki. In na sa kwalli ba a ganinsa, sai dai ya dame a cikin tattarar. Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da muka je ɗaukar hoton katin shaida. Mai ɗaukar ya ce Mama ki buɗe ido. Na ce a buɗe yake. Ya leƙa na'urarsa ya sake cewa in daure in buɗe. Na ɗaga gira har goshina ya yi zafi, ya ce to yanzu kuma kamar na firgita. Matan da ke layi suka tuntsire da dariya. Na gaya masa maganar da ba zan maimaita ba, na dawo gida na kira 'yata da ke aikin jinya a Kano. Ta ce ai akwai aikin da ake yi, ana rage fatar ne kawai, ko kwana ba a yi a asibiti.

Ga mutane na ce gani ne ya fara gagarata. Amma har a lokacin, da kaina nake zura zare a allura. So nake in duba madubi in ga idona, shi ke nan, kuma ban ga ranar da aka hana mai shekara hamsin son kyau ba.

Maigidan ne ya fara sa ni zargi. Ina gaya masa ya ce to, Allah ya sa a yi a sa'a. Haka kawai, ko gardama babu. Na kwana ina juya abin. Wato duk shekarun nan yana ganin munin ya yi shiru? Na san da ya hana ni ma da mun yi rigima, amma saurin yardar bai kwanta mini ba. Inna kuwa cewa na yi za a duba mini ido. Ta daɗe tana kallona kafin ta ce Allah ya ba da lafiya. A lokacin ƙafafunta sun yi rauni, ni ke ɗaga ta in kai ta wanka, don haka aka shirya ta koma Gafasa wajen 'yarta har in dawo. Ƙanwar mijin nawa ta zo da adaidaita tun kafin rana ta yi zafi, tana rawar jiki, tana ta kwasar kaya kamar mai tashin amarya. Na lura da wannan ma, na ajiye a raina.

Likitan da ya yi aikin bai kai ɗana na fari a haihuwa ba. Ya zaunar da ni ya zana mini fatar ido da alƙalami, yana matsawa baya yana karkata kai kamar tela zai yanka shadda. Na tambaye shi mutum nawa ya taɓa yi wa, ya yi dariya ya ce da yawa. Na ce a raina haka kowane wanzami yake faɗa. Allurar kashe zafi ce kaɗai ta yi ciwo. Bayan ita ina farke, ina jin ana ja ana taɓawa, ina jin ƙauri irin na babbakar kan akuya, sai daga baya na gane ashe ƙaurina ne. Da suka koma idon hagu na ji wata murya daban tana tambaya a hankali, shi yana amsawa. Na ƙudurta a raina ɗan koyo aka ba idon hagu.

Washegari a gidan 'yata na duba madubi na yi salati. Idanu sun kumbura sun yi suntum, kewayensu ya yi baƙi kamar wadda aka lakaɗa wa duka, ga zare siriri kamar gashi a jere. Na dama ya ɗan buɗe, na hagu yana ƙasa. Na ce ai ga shi nan, na faɗa. 'Yata ta rantse likita ɗaya ne ya yi duka, kumburi ne, zai saɓe. Na ce ai dole ki kare su, bakinku ɗaya. Ta rinƙa naɗe ƙanƙara a tsumma tana ɗora mini, tana ɗiga magani, tana shafa wani mai da ke sa komai ya yi dishi-dishi. An hana ni sunkuyo, sai a zaune nake salla ina ishara da ka. An hana ni kwalli, an hana ni hayaƙin murhu, an hana ni ɗaukar nauyi. Kwanciya ma sai a jingine da matasai. Wata rana na farka daga barcin rana na tarar da 'yata tsaye a kaina tana kallo. Ta ce barcin zomo nake yi, idon ba ya rufuwa duka, amma shi ma zai daidaita. Ban yarda ba sai da na ga ya daidaita ɗin.

Bayan an cire zaren baƙin ya koma shuɗi, ya koma ruwan ɗorawa, ya fara bajewa. Idon hagu ya taso ya kamo ɗan'uwansa. Na ga ƙwayar idona gaba ɗaya, abin da ban taɓa gani ba, ashe ma ba baƙa ba ce sosai, tana da ɗan ja kamar zuma. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Na dawo Gaya da baƙin tabarau. Mata suka rinƙa shigowa dubiya, amma ni na san kallo ya kawo su, don wasu ko lokacin da na yi zazzaɓin da ya kusa kai ni ba su leƙo ba. Maƙwabciyata ce ta kawo mini maganar, tana yi tana wai ita ba ta son gulma. Ta ce a gari cewa ake an kai ni birni an buɗe mini ido. Kowa ya san abin da ake nufi in aka ce idon mace ya buɗe, ba yabo ba ne. Na tambaye ta daga bakin wa ta fito, ta ce ita ma a kasuwa ta ji daga wasu mutanen Gafasa. Ban ƙara tambaya ba, na riga na san mai ita.

A daren farko da na koma girki maigidan ya ce gishiri bai ji ba. Na ce to Malam, kamar yadda na saba. Sai na ga ya cire hannu daga kwano.

"Me na yi miki kike kallona haka?"

Kallon da nake yi masa tun ina amarya ne, bai taɓa gani ba sai ranar. Labulen da nake fakewa a bayansa na kai an yanke da kaina. Kuma ba shi na tuna ba a lokacin, Inna na tuna.

Ita kuwa ba ta dawo ba. In na tambayi maigidan sai ya ce ta ce tukuna. In na kira ƙanwarsa, kullum Inna tana barci, ko tana salla, ko yanzu ta shiga bayi. Tsohuwa ɗaya, kullum barci? Na shiga ɗakinta in share, sai na ga wurin akwatinta fayau. Akwatin ƙarfe ne da take ajiye likkafaninta da turare da 'yar gorar zamzam, shekaru yana ƙarƙashin gadon nan, ni ke fito da shi in shanya kayan in damina ta wuce. Na zauna a bakin gadon. Na gama haɗa labarin a kaina: an gaya mata kwalliya na je yi ba magani ba, an gaya mata idona ya buɗe, ta janye amanarta ta ba 'yarta. Na yi kuka, ga shi hawayen ma yana sa tabon zafi.

Ban nemi shawarar kowa ba. Da safe na ce wa maigidan zan je gaida Inna, na hau babur sai Gafasa. Gero ya fara fitar da kai a gonaki, hanya duk taɓo, ni kuwa ina bayan babur ina shirya maganganun da zan gaya wa ƙanwar mijina. Da na isa ta tare ni da fara'a har da kawo fura. Fara'ar ma ban yarda da ita ba.

Inna tana zaune a tabarma a inuwar rumbu, ba barci take ba. Na durƙusa na gaishe ta, kaina a ƙasa, tabarau a fuska. Na ce Inna gida ya yi mana faɗi, shiru ba ki dawo ba. Ta ce jikarta, wato 'yata, ta gaya mata a waya cewa in na ɗaga nauyi ɗinkin zai iya buɗewa. "Ni kuwa nauyi ce," in ji ta. Na yi ƙarfin hali na ce na ga har akwati an ɗauko. Ta ce akwati kam duk inda ta kwana nan yake kwana, mutuwa ba ta aiko da sallama. Sannan ta ce in cire baƙin abin nan ta gani.

Na cire. Na rasa inda zan sa idona, kallon ƙasa ya ƙi, na sama ya fi wuya. Ta kama haɓata da yatsunta masu sanyi ta juya ni wajen haske, ta duba dama ta duba hagu.

"Ya yi kyau," ta ce. "To yanzu da me za ki rufe hararar?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki zan rantse, ta ɗaga mini hannu. Ta ce tun makon da muka fara zama tare ta sani. Ta ce ita da ta tashi a cikin garke, saniya ma in ta harare ta daga bayan 'yan'uwanta tana ganewa, balle mutum a gabanta.

"Kin ɗauka don idonki na zaɓe ki? Shekara nawa ina ƙure ki kina hararata, ban taɓa jin maganata a bakin wani ba. Mai wankan gawa dole ta gani. Bakinta ake so ya rufu."

Sai hawaye suka zubo mini. Ta ce in daina, kada in ɓata wa yaron mutane aikinsa. Ƙanwar mijina tana daga bakin madafa tana ji, ta kau da kai. Har yau ina zargin ita ta fitar da maganar buɗewar ido, amma ban taɓa kama ta ba, ban kuma tambaye ta ba.

Da likita ya ce na warke Inna ta dawo Gaya da akwatinta. Ta ci gaba da ture kwanon miyata, ni kuma na ci gaba da harararta, yanzu a fili, wani lokaci har ta ce in rage kada ɗinkin ya farke. Mun ƙara damina ɗaya tare. Ta cika da hantsi wata Laraba, kanta a cinyata, idonta a ɗan buɗe. Na sa yatsu na shafo fatar ta sauko, ba nauyi ko kaɗan, kamar ɓawon albasa.

Ni na wanke ta, 'yarta tana zuba mini ruwa. Idona a buɗe yake tar, babu abin da ya ɓoyu mini a jikin tsohuwar nan. Abin da na gani kuwa ba zan rubuta shi a nan ba.