Azahar a Gonar Gayya

A ƙauyenmu kusa da Sundimina, gidanmu ne kaɗai na Kirista, amma ba a taɓa noman gayya babu mahaifina ba. Ina saurayi na fara binsa.

Da azahar ta yi, sai maƙwabta su ajiye fartanya, su nufi gindin tsamiya su yi alwala. Baba ba ya binsu, kuma ba ya ci gaba da noma. Hularsa yake cirewa, ya durƙusa a tsakiyar gero shi kaɗai, yana addu'a cikin sunan Yesu har su sallame.

Abin yana ba ni haushi. Wata rana na ce, "Baba, ai yau ba Lahadi ba ce. Kallonmu fa ake yi."

Ya tashi ya kakkaɓe ƙasar gwiwarsa, ya ce, "Mutane sun tafi gaban Allah, ni in tsaya gaban ciyawa? Sun tuna mini ne, na kuwa gode musu."

Baba ya rasu, ni kuma aiki ya kawo ni Kano. Kullum da azahar abokan aikina sukan fita salla, su bar ni ina latsa waya. Na yi shekaru a haka.

Jiya dai na rufe ƙofar ofis na durƙusa. Da na tashi, sai na ga hannuna yana kakkaɓe gwiwata, alhali babu ko ƙwayar ƙasa a jikinta.