Ranar da na zuba kuka a motar Baba

Motar Babanmu ta girme ni. Fara ce, irin mai dogon bayan nan, da ita ya yi shekaru yana ɗauko tattasai da albasa daga Jiratawa zuwa kasuwar Maraɗi. Da yanar ido ta rufe mishi gani sai ta koma zaman gida, gindin iccen bedi. In zai fita ni ke tuƙa shi. Ni kaɗai kuwa, bai taɓa yarda in fita da ita ba.

Wata Asabar aka zo da babur aka tafi da shi gaisuwar mutuwa. Ni kuma abokina na da suna a Tsibiri. Na ɗauki makulli.

A hanyar dawowa na tsaya sayen ruwa, sai na ga wani ruwan na ɗiga ƙasan motar. Radiyater ce ta huje, tankin ruwan nan da ke gaban inji. Wani ɗan kabu-kabu ya leƙo ya ce, "Abokina, garin kuka. Cokali ɗaya, ya toshe hujin." Na sayi ƙulli guda wajen wata mai kayan miya. Na ce in cokali ɗaya na toshewa, ƙulli ai ya fi. Na juye duka. Ɗigar ta tsaya. Na rigayi Baba isowa gida, har na share sawun taya da tsintsiya.

Kowace Lahadi da safe Baba na tada motar don kar ta kwanta. Shi ke tsayawa gaba, kapo, wato marufin gaban motar, a buɗe, yana saurare yana taɓe-taɓe. Ni ina ciki ina duba mishi allurar zafi, tunda shi ba ya ganinta.

Na tada. Minti kaɗan allura ta wuce tsakiya. Ba ta taɓa wucewa ba.

"Ina take?"

"Tsakiya, Baba."

Na ce ko za ta sauko. Ba ta sauko ba. Ina kallonta tana hawa sannu sannu. In na ce ta hau, zai ce mi ya sa, daga nan sai kuka, daga kuka sai Tsibiri.

"Yanzu fa?"

"Tana nan dai."

Allura ta kai kan ja.

Ta ƙasan kapo nake hangen hannunshi. Ya shafa radiyater daga ƙasa, ya daɗe. Ya ce, "Ikon Allah. Nan sanyi ƙalau. Ruwan ba ya zagayawa, iska ce ta shiga. Tunda ba ta yi zafi ba, bari in buɗe ta numfasa."

Kukar ce ta kumbura ta toshe hanyar ruwan. Wannan daga baya na gane. Abin da na sani a lokacin, allura na cikin ja, ruwan da ke saman radiyater na tafasa, kuma Baba ya zare ƙyallen kafaɗarshi ya ɗora kan murfinta. Ya sunkuya, fuskarshi daidai bisa wurin, don da kunne yake aiki. Na taɓa ganin wani bakanike da irin ruwan nan ya wanke, fatar wuyanshi fara sol har yau.

Na kashe mota. Ban san yadda na fito ba, gwiwata ta bugi ƙofa. Na cafke wuyan hannunshi. Tunda aka haife ni ban taɓa riƙe Baba haka ba.

"Kai, lafiya? Sake ni."

"Baba, ja take. Ƙarya na yi. Tun ɗazu ja take."

Ashe ya riga ya ɗan murɗa. Na ji wani huci, na fizgo shi baya da ƙarfi, muka zube ƙasa tare. Murfin ya tashi ya bugi kapo. Ruwa ya yi sama, kore, mai yauƙi, ya zubo daidai inda kanshi yake. Kaɗan ya same ni a damtse. Ban ma ji zafin ba sai can.

Baba na zaune a ƙasa, hular ta faɗi. Na rarrafa ina duba fuskarshi, ido, kunne, wuya. Na riƙe haɓarshi ina jujjuya fuskar.

"Ya taɓa ka? Baba, ya taɓa ka?"

 Ya shafa fuskar da kanshi, a hankali. Ba komai. Sai ya shaƙi iska.

"Warin mi nike ji?"

Na faɗa mishi duka. Suna, Tsibiri, ɗan kabu-kabu, ƙulli.

Inna ta fito daga madafa da gudu, ta ga damtsena, ta jawo ni bakin randa tana ta kwara ruwa. Ta kalli motar, ta kalli koren da ya malale tsakar gida. Ta ce, "To, miya ta nuna. Sai in tuƙa muku tuwo." Ba wanda ya yi dariya, har ita.

Na jira faɗa, bai zo ba. Da inji ya huce Baba ya ce in ɗauko sifana. Yana zaune kan tabarma yana faɗa, ina yi: kwance robar sama, kwance ta ƙasa, ciro radiyater, kifa ta, sa tiyo ta baya. Har azahar ina wanke kuka. Na kai ta aka liƙe hujin da dalma, na dawo na ɗaura, na cika ruwa.

Na buɗe ƙofa zan shiga in tada. Ya ce, "Tada ka fito. Kira mini uwarka."

Inna, wadda ba ta taɓa zama gaban sitiyari ba, ta zauna tana gyara zane, ta ƙura wa gilashin ido.

"Malam, akwai tsinke wajen uku nan. Wane zan duba?"

"Nuna mata," ya ce mini.

Na nuna mata. Na koma gefe na tsaya, idona kan hannunshi.