Ki Daure, Kyauta

Ni Talatu, shinkafa da wake nake sayarwa a bakin get ɗin tsohuwar masaƙar nan ta Bompai, tun zamanin da ake jin ƙarar injinanta har Dakata. Duk wanda ya shiga ko ya fita, ta gaban tukunyata yake bi. Saboda haka in na ce na san Joshuwa, ba sanin shanu nake nufi ba.

Mutumin Zonkwa ne. Yana saurayi ya zo Kano da jakar leda ɗaya, aka ɗauke shi shara a masaƙa, daga shara ya zama makanike. Siriri ne, ba ya son surutu, ga taurin kai kamar me. Amma fa Allah ya ba shi kunne. In inji ya fara rikici, sai ya dafa masa tsinin sukundireba, ya kara ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Can sai ka ji ya ce, "Noti ne ya saki a ƙasa." A duba, haka ne. Kuma maganinsa ɗaya ne tal. Kullum cewa yake, in inji ya canza murya sakewa ya yi, a ƙara ɗaurewa.

Ranar da aka kashe injinan, ce wa ma'aikata aka yi gyara za a yi, baɗi a buɗe. Ba a buɗe ba. Ma'aikata suka watse, wasu suka koma gida, wasu suka kama dako. Shi aka bar shi gadi, aka ba shi ɗaki a bayan get, aka mai da zauren masaƙar sito na riɗi da zoɓo. Matarsa Hannatu ta samu aiki a wani kamfanin leda a Sharada, ta fita da asuba, ta dawo a gajiye. Sun daɗe ba haihuwa. Da yarinya ta zo, suka sa mata Kyauta.

A bayan siton akwai filin tanis na siminti, inda manajoji suke wasa da yamma a da. Joshuwa ne yake gyara musu marikin raga, a nan ya koyi wasan da ido. Wani manaja da zai tafi ya bar masa raket biyu. Da Kyauta ta kai shekara shida, sai ya share filin, ya liƙe tsagar simintin, ya saƙa raga da igiyar buhu. Na yi masa dariya ranar, na ce, "Baban Kyauta, an rufe masaƙa ka buɗe taka?" Bai ko kalle ni ba.

A gabana yarinyar nan ta tashi. Tana shekara bakwai raket ɗin ya fi ƙarfinta, da hannu biyu take ɗaga shi, tana dukan ƙwallo a bangon sito. Tana shekara tara, ƙafa ta zo mata, ba ka ganin lokacin da ta bar wannan kusurwa ta isa waccan. Tana sha ɗaya, 'yar firit da ita, mara nauyi, babu wadda take iya tsaya mata. 'Yan matan unguwa sun fara zuwa, har da Atika, 'yar wani ɗan dako, wadda ta girme ta da shekara guda. Kullum Kyauta ce take cinye ta.

Shi uban ba ya ma buƙatar kallo. Yana zaune a benci kusa da tukunyata, ya juya wa filin baya, yana cin abinci. In ƙwallo ta sauka a tsakiyar raket sai ka ji "pam". Sai ya ɗaga cokali ya ce, "Wannan tawa ce." Ban taɓa ganin ya yi murmushi don wani abu ba sai don wannan ƙarar.

Wata rana wata koci mai suna Malama Fanna, wadda take yawo tana neman yara 'yan wasa, ta ji labarin filin ta zo. Ta kalli Kyauta, ta ce ƙarshen shekara mai zuwa za a zaɓi 'yan matan da za su wakilci jiha, kuma tana son ta gan ta a wurin zaɓen. Tun daga ranar Joshuwa bai ƙara tunanin komai ba. Mutumin da aka kashe masa inji, ga shi an ce abin da ya haɗa da hannunsa za a fita da shi duniya ta gani.

To, a shekarar zaɓen nan ne tsawo ya zo wa Kyauta, tana barin sha biyu za ta shiga sha uku. Kai, ban taɓa ganin yaro ya miƙe haka ba. Wandon wasanta ya ɗangale, takalmi ya matse ta, ƙafafu suka yi zaƙo-zaƙo. Faranti ɗaya ya daina isar ta, sai na ƙara mata. In ta zauna a benci sai gyangyaɗi. A fili kuwa komai ya rikice. Ta kai hannu inda ta saba samun ƙwallo, ƙwallon ta daki gefen raket, ka ji "kwas". Ta juya za ta yi gudu, ƙafa ta harɗe ƙafa. Atika, da ta riga ta gama nata tsawon jikinta ya zauna, ta fara cinye ta.

Duk "kwas" ɗaya sai na ga Joshuwa ya runtse ido kamar an taka masa yatsa. Wata rana ya ajiye cokali ya ce, "Ta saki."

Na ce, "Wa ya saki? Mutum ce fa, ba inji ba."

Washegari ya ƙara mata aiki. Kafin ta tafi makaranta ta zagaye katangar masaƙa da gudu. In ta dawo, tsallen igiya. Bayan wasa, tsallen kwaɗo daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, a kan siminti tsura. Bai taɓa dukanta ba, kada in yi masa ƙarya. Da kansa yake wanke mata safa, da kansa yake shafa mata man zafi. Amma bai san wani magani ba sai ƙari.

Ba a daɗe ba ta fara dafa gwiwa. Wani ɗan ƙululu ya fito mata a ƙasan gwiwar hagu, in an taɓa sai ta zabura. Ina ji tana cewa, "Baba, gwiwata."

Ya ce, "Ki daure, Kyauta."

Kalmar nan na ji ta har na tsane ta. Ki daure, saura kaɗan. Ki daure, zai wuce. Ita kuwa yarinyar ba ta iya musu ba, irin ubanta ce wajen shiru. Sai ta cije leɓe ta koma fili.

Da Malama Fanna ta dawo duba ta, ta kalli wasan, ta taɓa ƙululun, ta zo ta same shi a bencina. Ina zuba miya ina ji.

Ta ce, "Malam Joshuwa, ba lalaci ba ne. Duk yarinyar da ta kai nan haka take yi. Ƙashinta ya riga jijiya tsawo, jijiyar tana jan ƙashin nan na ƙasan gwiwa, shi ne ciwon. Hannunta ma ya ƙara tsawo, ba ta gama sanin inda ya tsaya ba. Ku rage mata, ku hana ta tsalle. In jikin ya zauna, ƙarfin da za ta yi sai ya fi na da. In bana ta wuce, akwai baɗi."

Ya ɗago ya kalle ta. Ya ce, "Baɗi?" Ya nuna zauren sito da haɓa. "Mu ma baɗi aka ce mana. Malama, injin da aka kashe ba ya tashi. Da idona na gani."

Ta yi ta yi masa bayani, yana cewa to, to. Ni da na san shi, na san wannan "to" ɗin ba ta shiga ko'ina ba. Bayan ta tafi na buɗe masa wuta. Na ce, "Haba Baban Kyauta! Mai ilimin abin ta faɗa maka, ni mai tukunya na faɗa maka, uwarta ta faɗa maka. Kai kaɗai ne mai kunne a garin nan?" Ya ajiye farantin da sauran abinci ya tashi. Shi da Hannatu ma sun yi ta rigima a kai, amma ita tana Sharada yini guda, ba ta ganin abin da ake yi a fili.

Abin da ya yi shi ne ya kai ta wurin wani mai ɗori. Mai ɗorin ya latsa ƙululun ya ce ƙashi ne ya goce. Ya danna, ya murza, ya naɗe gwiwar da tsumma tam. Ta dawo idanunta jajur. Joshuwa kuwa hankalinsa ya kwanta, don an faɗa masa abin da ya sani: wani abu ya saki, an ɗaure. Kwana kaɗan ta huta, ya mai da ita fili da tsumman a ƙafa.

Ana saura 'yan kwanaki zaɓen, da la'asar, wata tirelar riɗi ta iso. Joshuwa yana kwance sarƙar get, direba yana ta danna oda, 'yan dako suna ihu. A can baya Kyauta da Atika suna wasa. Ni ina kallon filin ta tsakanin mota da katanga. Na ga ta jefa ƙwallo sama, ta lanƙwasa gwiwa, ta yi tsalle za ta doka.

Ni ban ji komai ba, wallahi, saboda ƙarar motar. Shi ya ji. Sarƙar ta faɗi daga hannunsa tun kafin yarinyar ta kai ƙasa, tun kafin ta yi ƙara. Ya bar get a buɗe, ya bar tirela a tsaye, ya kwasa a guje. Daga baya ya ce min wata 'yar ƙara ce, "ɗas", irin ta zare in ya tsinke a kan inji.

A bayansa ya goyo ta har bakin titi, ƙafafunta suna reto kusan har ƙasa saboda tsawo. A asibitin ƙashi aka ce jijiyar ta ɓalle da ɓarin ƙashin gaba ɗaya. Aka yi mata aiki. Da na je dubiya da kwanon abinci, na tarar da shi a baranda. Na ce yaya aka yi? Ya ce, "Sun sa mata noti. Sun ɗaure." Ya faɗa yana kallon tafin hannunsa. Tausayinsa ya kama ni, ga haushi kuma, har na rasa wanda ya fi.

Atika aka zaɓa. Kyauta ta yi watanni da sanda. Ƙafar ta warke, amma gwiwar ba ta ƙara naɗewa yadda take ba, gudu da tsalle kuwa sun tafi. Malama Fanna ta zo sau biyu, ta kawo mata lemo, ta zauna kaɗan ta tafi. Joshuwa da kansa ya kwance ragar da ya saƙa. Yanzu tireloli ne suke kwana a filin, simintin duk ya farfashe, baƙin mai ya rufe layukan.

Yanzu Kyauta ta cika sha shida. Jikin ya zauna kamar yadda aka faɗa. Ta fi ubanta tsawo, kafaɗa ta buɗe, in ta ɗaukar min tukunya da hannu ɗaya take saukewa. Duk ƙarfin da aka ce zai zo ya zo, sai dai babu inda za a kai shi. Tana zuwa makaranta, tana ƙoƙari. Ban taɓa jin ta yi wa ubanta gori ba, ko sau ɗaya. Da ma ta yi, wataƙila da ya fi masa sauƙi.

Wanda bai sani ba, ba zai ce tana ɗingishi ba. Ƙafar hagun ce take ɗan jan ƙasa kaɗan, ni ma sai na lura nake gani. Amma shi kunnen nan yana nan. Duk hayaniyar Bompai, da janareta da oda da 'yan dako, tun tana kwanar titi yake jin takunta. Ina gane ta taho ne in na ga ya ajiye cokali.

Ran nan ma haka aka yi. Yana zaune a benci, ya juya wa titi baya, sai na ga ya ajiye cokali. Amma wannan karon bai tashi ya shige ɗakin gadi ba kamar yadda ya saba. Ya sa hannu biyu ya toshe kunnuwansa, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Dattijo da furfura, a gaban 'yan dako.

Ta iso da jakar makaranta a baya, ta tsaya a kansa. Ta kalle ni, na kau da kai. Ta sa hannu ta cire masa hannu ɗaya daga kunne, a hankali. Babu gori a muryarta, na rantse. Lallashi take so ta yi, kuma duk rayuwarta kalma ɗaya aka koya mata ta lallashi.

Ta ce, "Baba, ka daure."

Na rufe tukunyata. Ranar ban ƙara sayar wa kowa abinci ba.